Gwadabe Mai Hoto a Hanyar Shinkafi

In ka shiga tashar mota ta Kaura Namoda ka ce kana neman Gwadabe direba, za a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce mai hoto, ko mai sayar da rake zai nuna maka shi da baki. Dogo ne, baƙi, ya ba hamsin baya, furfura ta fara cin gemunsa, kuma ba ka raba hannunsa da waya. Ba kira yake yi ba, wa zai kira? Hoto yake ɗauka.

Kada ka ce sana'arsa ke nan. Sana'arsa jan wata tsohuwar Golf, yau Shinkafi gobe Zurmi. Hoton kuwa ciwo ne da ya daɗe a jikinsa. Ubansa ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, zamanin da jirgi ke zuwa Kaura ya juya, don nan layin dogo ya ƙare. Tsohon ya rasu bai bar hoto ko ɗaya ba. Gwadabe kan ce yana tuna tarin ubansa, yana tuna warin buhun gyaɗa a rigarsa, amma fuskar ta ɓace masa ƙaf. Abin ya tsaya masa a rai. Shi ya sa ranar da ya fara riƙe waya mai kyamara ya zama kamar akuyar da aka saka a gonar wake.

Me bai ɗauka ba? Raƙuma ɗauke da gero, tirelar da ta kife da albasa, masu tuyar awara a tashar Zurmi, har tsohuwar tashar jirgin da jemagu suka gaje. Uwarsa kuwa, kafin Allah ya karɓi abarsa bara, ya ɗauke ta tana kaɗi, tana faɗa, tana gyangyaɗi a kan buzu, har ta gaji ta daina korarsa. Ko coci bai bari ba. Maƙwabciyarsu Alheri, wata tela da ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin saboda halin da ake ciki, ta roƙe shi ya turo mata hoton ɗan cocinsu. Ya je ya ɗauko mata, har da tsohon wilin motar da suka rataye a bishiya suna bugawa a madadin ƙararrawa. Masu tsegumi suka yi ta yi. Ya ce gini ne, kuma a garinsu yake, wanda abin ya dama ya rufe ido.

Duk wannan tarin yana cikin ɗan memori ɗaya da bai kai farcen yatsa ba. Bai taɓa wanke su a takarda ba, bai taɓa zuba su wani wuri ba. Kullum sai gobe.

Sai zamani ya juya. Mutanen daji suka fara tare hanya, kuma in sun tare, ban da kwasar kaya da mutane, waya suke buɗewa. In suka ga hoton mai kaki ko ɗan tsaron gari, to mai wayar ya shiga uku. In kuwa wanda ke cikin hoton yana cikin motar da kansa, ba a ma tsayawa tambaya. Direbobi suka koma barin manyan wayoyi a gida. Gwadabe ya ce shi ba zai iya ba, hanya ba hoto ai sai ka ce tuwo ba miya. Matarsa Maimunatu ta yi faɗan, ta yi kukan, a ƙarshe suka shirya a kan abu ɗaya: duk safiyar da zai hau hanya, ya zare memorin ya ba ta, ta jefa cikin gwangwanin man shafawarta. In ya dawo lafiya ya karɓa. Haka suka yi ta yi, har abin ya zama kamar alwala.

Wata Alhamis cikin damina, ranar kasuwar Shinkafi, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mai raƙumi. Lokacin da direbobi suka fi tsoro ke nan. A daren da ya gabata baƙi sun zo gaisuwa, Gwadabe ya mayar da memorin yana nuna musu hotunan tsohuwarsa. Da safe aka aiko cewa ayarin motoci zai tashi da wuri, don yanzu ba mai bin hanyar shi kaɗai. Ya zura takalmi ya fita. Maimunatu tana madafa, ita ma ba ta tuna ba.

A kujerar gaba Mujahid ne ya zauna, ɗan wani amininsa da ya rasu. Saurayi ne mai yawan fara'a, kuma yana cikin masu tsaron gari. Uwarsa ce ba lafiya a Katuru, shi ya sa ya tuɓe kayan aiki ya sa farin yadi da hula, kai ka ce ɗalibi ne.

“Baba, in an tambaya, ni tela ne hwa,” in ji shi yana dariya.

“Allah shi sa kada a tambaya,” in ji Gwadabe.

Sun yi nisa, gari ya ɓace, gero ya rufe hanya hagu da dama, sai wani abu ya faɗo wa Gwadabe a rai. Gwangwanin Maimunatu. Yau bai ji ƙarar murfinsa ba. Ya dafa aljihu, gabansa ya yanke ya faɗi. Memorin yana cikin waya. Kuma a cikin memorin akwai Mujahid, da baƙar riga, da layu a ƙirji, da bindiga a kafaɗa, yana washe baki. Yaron da kansa ya roƙa a ɗauke shi ranar da aka ba shi kayan. Innalillahi! Ga hoton a aljihu, ga mai hoton a gefensa yana ɓare gyaɗa.

Ya tsaya ya goge? Ba a tsayawa a ayari, wanda ya tsaya an bar shi. Kuma ina zai gano hoto ɗaya cikin dubbai da hannu ɗaya a sitiyari? Ya gaya wa Mujahid? Ga fasinja cike a baya, wa ya san kunnen wa ke ciki? Zufa ta jiƙa masa hula. Ya ce a ransa, in Allah ya kai su gari na gaba zai zare abin ya ba wani mai shayi ajiya. Ya yi ta salati, yana kallon gero kamar zai huda shi da ido.

Ba su kai garin ba. A wata kwana motar gaba ta ci birki. Mutane suka fito daga cikin gero, fuskoki a naɗe da rawani. Wata mata a baya ta fasa salati, wani ya toshe mata baki. Gwadabe ya hango ɗaya daga cikinsu yana bin motoci da buhu, yana karɓar waya, yana latsawa kafin ya jefa.

Ya zaro tasa ƙasa-ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Murfin bayan ya ƙi ɓalluwa. Kai, wannan murfi da kullum yake faɗuwa da kansa! Ya sunkuya kamar mai tari ya sa haƙori. Ya ɓalle. Ɗan memorin ya zamo kan yatsansa. Ya yi tunanin hula, ya yi tunanin ƙarƙashin harshe, amma ya san suna laluben mutum har bakinsa in sun yi zargi. Tsohuwa ta faɗo masa, zaune kan buzu tana korarsa da hannu. Wallahi sai da ya ji kamar ya haɗiye abin ya mutu da shi.

“Ku hito! Kowa shi hito!”

Ya tura ƙofa, ya saki memorin cikin lakar bakin hanya, ya sauko da ƙafa a kansa, ya murza.

Mai buhun yaro ne da bai kai Mujahid ba. Ya fizge wayar, ya latsa nan, ya latsa can.

“Tsoho, wayarka ba komi ciki? Mi ka ɓoye?”

“Ban iya ta ba, ɗana. Kira kawai nika yi.”

Mari ya sauka, hularsa ta faɗi. Bai ɗaga ƙafarsa daga inda take ba.

“Wanga hwa?” Bakin bindiga ya nuna Mujahid.

“Ɗana ne. Tela ne, uwarsa za mu dubo.”

Yaron ya daɗe yana kallon Mujahid, daga hula har takalmi. Can wani ya yi fito daga gaba, mai buhun ya jefa wayar ciki ya wuce. Suka kwashe kayan kasuwa, suka kora mutum biyu daga motar baya, gero ya rufe bayansu.

Ayarin ya ci gaba har Shinkafi. A tasha fasinja suka watse, wasu na kuka, wasu na neman aron waya. Gwadabe ya zauna a bakin mota, kuncinsa a kumbure. Mujahid ya kawo masa ruwa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya cak. Ya dawo da gudu, idonsa a waje.

“Baba! Wayarka tana hannunsu! Hoton nan nawa... in suka duba da kyau, sun ga huskata, sun san motarka. Yaya za mu koma?”

“Ba shi ciki.”

“Ka tabbata?”

“Na taka shi cikin laka kahin su iso.”

Mujahid ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara murmushi. Sai murmushin ya tsaya.

“Shi kaɗai ka taka?”

“Ba a taka shi shi kaɗai, Mujahid. Duk wuri ɗaya suke.”

“Har da na Inna tsohuwa?”

Gwadabe ya gyaɗa kai. Ya kurɓi ruwan, ya zubar. Mujahid ya durƙusa a gabansa cikin mutane, ya kama takalmin nan mai laka da hannu biyu yana kuka.

“Tashi, kai,” in ji Gwadabe. “Tashi ka tahi, uwarka na jira. Ka dube ta da kyau.”