Ɗakin da Ake Kira Woɗe

A duk shekarun da na yi ina dillancin gidaje a Dakoro, ban taɓa mantawa da ranar da Baffa Hammadi ya riƙe mini hannu ya hana ni karɓar kuɗin haya ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya, ku buɗe kunne, don irinsa za su zo muku.

Baffa Bafulatani ne makiyayi daga wajen Azagor. Shekarar da ciyawa ta ƙi a arewa, garkensa ya ƙare a kan idonsa, shanu uku suka rage. Ya sayar da su kafin su bi sauran, ya gina ɗakunan ƙasa uku da rufin kwano a wani ɗan fili da yake da shi bayan kasuwar dabbobi. Shi da tsohuwar matarsa da jikoki biyu marayu suka kafa bukka a tsakar gidan. Kowane ɗaki ya sa masa sunan saniyar da ta gina shi: Woɗe, Ɓale da Rane. Ba shi da gona, ba shi da albashi. Abin da ɗakunan nan suka kawo, shi ne hatsin gidan.

Ni jinin Barebari ne, kun san tsakaninmu da Fulani ba a fushi. Na zaunar da shi na karanta masa ƙa'ida kamar yadda nake yi wa kowane sabon mai gida. Dillali ya duba takardar fili, a yanka farashi, ɗan haya ya ba da na wata ɗaya tun kafin ya shiga, ya ajiye kosiyo, wato kuɗin da ake riƙewa saboda ɓarna, sannan a miƙa makulli. Baffa yana ta gyaɗa kai. Ashe duk ta bayan kunnensa take bi.

Unguwar ba ta da farin jini saboda ƙuda da kukan dabbobi. Da ƙyar na samo masa mutum ɗaya, Mushe Sani, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo garin. Matarsa na da tsohon ciki, kayansu ko amalanke ɗaya ba su cika ba, albashinsa kuma bai fara fita ba. Ya ciro ɗan abin da ya ranto zai ba ni, sai Baffa ya dubi matar, ya dubi kayan, ya kama hannuna.

"Bar shi. Woɗe na ba shi habbanaye."

Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'adar makiyaya ce. Idan ɗan'uwa ya rasa dabba, sai ka ɗaura masa saniya ya riƙe, ya sha nono, ta haihu ƴaƴan su zama nasa, daga baya ya maido maka da uwar. Ba a karɓar ko sisi.

Na ja shi gefe raina a ɓace. "Baffa, wanga ɗaki ne, ba saniya ba! Mi za ku ci? Daji dai bai fita daga kanka ba."

Ya ce, "Babarbare, kai kuɗɗi ka sani. Ni ma da saniyar wani na fara. Sai yarinyar ga ta sauka lafiya, sannan a yi zancen haya."

Gaskiya na ji tsoro. Damina ta shigo, hatsi ya yi tsada, Ɓale da Rane suna rufe. Wata rana na leƙa na tarar da tsohuwa tana dama fura, ruwan ya fi garin yawa, jikokin sun zuba mata ido. Ban iya haƙuri ba. Na tare Mushe Sani a hanyar lakwal na gaya masa komai, har da abin da aka sayar aka gina ɗakin da yake kwana. Shi a zatonsa Baffa mai hali ne da ke neman lada. Sai idonsa ya kawo ruwa.

Bai koma da kuɗi ba, don ya gane Baffa ba zai karɓa ba. Matarsa ta fara ɗora tukunya babba, a ci tare. Shi kuma ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana lallashi, har ya samo malamai biyu suka kama Ɓale da Rane, suka biya bisa ƙa'ida a hannuna. Da matar ta haihu, Baffa ne ya yi wa jaririn huɗuba. Daga watan da ya biyo baya Mushe Sani ya fara biyan haya, bai taɓa saɓa wata ba.

Bayan ƴan shekaru aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kornaka. Ranar tafiya aka kira ni duba ɗaki, kamar yadda aka saba. Sai ga shi ya shigo janye da ƴar akuya ja, makullin ɗakin ɗaure a igiyarta. Ya durƙusa.

"Baffa, ga Woɗe na maido, lafiya lau. Wagga kuma habbanaye ce. Ka riƙe ta sai ta haihu."

Baffa ya karɓi igiyar, ya naɗe ta a hannu. Tsohuwarsa ce ta raɗa mini cewa tun ranar da ya sayar da shanunsa bai sake riƙe igiyar dabba ba. Ni da na zo duba bango da ƙofa, sai na juya baya ina share ido.

Har gobe idan sabon mai gida ya zo mini, ƙa'ida nake koya masa, kuma ban ce kowa ya yi irin ta Baffa ba, don ba kowane ɗan haya ne Mushe Sani ba. Amma tun daga ranar, kafin in tambayi mutum nawa yake so a ɗakinsa, sai na fara tambayarsa abin da ya rabu da shi ya gina.