Babban Yatsan Delbert Yocum

Ranar da Delbert Yocum ya harbi ƙasa, rabin garinmu na wurin. Asabar ce, a filin harbi na bayan tsauni, nan Arizona, inda tsofaffinmu ke sa malafa da takalmin makiyayan da, su yi ta luguden farantan ƙarfe. Ya zaro bindiga daga kube da hannu ɗaya, ya ja ƙarfen bayanta zai ɗana, yatsan ya zame alhali ɗayan na kan kunama. Sai ƙura ta tashi taku biyu daga takalminsa.

Merle Haskew, abokinsa tun na makaranta, ya ce, "Malam, tururuwar me ta yi maka?"

Alƙaliyar fili, mai suna Wanda, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Del, ka fita yau. In ka ƙara, sai dai ka zo kallo."

Shekara arba'in Delbert yana haƙa wa mutane rijiya, har sanyin ƙashi ya cinye masa babban yatsan dama. Irin bindigar nan kuwa, kwaikwayon ta zamanin kakanni, kowane harbi sai ka ɗana ta da yatsan. Da zai saya ma, mai shago ya miƙo masa gajera mai sauƙin ɗanawa. Ina! Ya zaɓi mai dogon baki, mai nauyin guduma, wai ita ce sak ta hoton kakansa. Kuma hannu ɗaya yake harbi. Masu riƙewa da hannu biyu, ya ce riƙon tsohuwa da kofin gahawa suke yi. Ya fi shekara goma yana faɗa, har ya faɗa wa limamin cocinmu.

Tunda matarsa ta rasu, Asabar ɗin nan ce kawai ke fitar da shi daga gida. Ni da katanga ɗaya ta raba mu na sani.

Bayan harbin ƙasar nan, wata guda ina jiyo ƙas, ƙas daga rumfarsa, bindiga ba harsashi. Na leƙa, ya juya mini baya.

Da ranar harbi ta zagayo, ya ɗura biyar ya bar gurbi ɗaya fanko a ƙarƙashin ƙarfen ɗanawa, kamar yadda doka ta ce. Ya tsaya ya gyara malafa. Sai ga Delbert ya rungumi bindiga da hannu biyu, dama na riƙe, yatsan hagu na ɗanawa. A hankali dai, kamar mai tsince shinkafa, amma faranti biyar duk suka amsa. Da ya sake ɗura biyar ma haka. Alƙaliya Wanda ta gyaɗa kai ta rubuta.

Merle ya taso yana tafi. "Sannu kaka! A ƙaro miki sukari a gahawar?"

Delbert ya mayar da bindiga kube, ya ce, "Ni hannu biyu Allah ya ba ni, na yi aiki da su. Kai ido biyu ya ba ka, ga tabarau, faranti uku ka kuskure."