Motar da Ta Tafi Ba Hon

Shekara talatin da ɗoriya Baba Rewaya ya yi yana gyaran wayoyin mota a wata rumfar kwano bayan tasha. Da idonsa ya fara hazo, masu motoci suka riƙa janye jiki ɗaya-ɗaya, ba faɗa ba sallama. Ya rufe rumfar, ya koma gida da akwatin aikinsa da wata tsohuwar mota mai koɗaɗɗen fenti. Yanzu aikinsa ɗaya ne: Litinin da Alhamis ya kai matarsa asibiti wankin ƙoda. Injinan wurin huɗu ne kacal. Wanda aka kira ƙarfe takwas ba ya nan, sai a ba wani gadonsa, shi kuma ya koma gida da kumburarrun ƙafafu.

Wata Alhamis ya tallafo matarsa ya zaunar a gaba, ya murɗa makulli. Fitilu suka kawo, amma injin ko tari bai yi ba.

"Malam, ita ma ta gaji da mu ke nan?" in ji matar.

"Ke dai yi mata addu'a, kar ki zuga ta."

Ya danna hon, ya yi ƙara sosai, ashe ba batir ba ne. Ya ɗaga bonet yana nishi. Zarginsa ya tafi kan rile, ɗan baƙin akwatin nan da ke tura wa kik wuta ya tayar da injin. Sai dai guda shida ne a jere, duk kama ɗaya, rubutun murfin kuwa ya fi ƙarfin idonsa. Sai ya yi bismillah ya ɗora yatsunsa a kansu.

"Uwar yara, miƙo hannu ki murɗa min makullin."

"Shekara arba'in ba ka taɓa bari na taɓa shi ba."

"Yau na ba ki lasin. Murɗa."

Ta murɗa da kyar. Rilen injin ya yi ƙas a ƙarƙashin yatsarsa, na kik kuwa, da ya san yana kusa da shi, shiru kamar dutse. Ya zare shi. Ya sa ta danna hon har ya gano rilen hon ɗin, ya ciro, ya shafa ƙafafunsa: huɗu ne, daidai da na mataccen. Ya soka shi a gurbin.

Motar ta tashi, amma fa ba hon.

Haka ya yi tafiyar, hannu a waje yana buga ƙofa. "Bayin Allah, a ba da hanya! Mai keke, don girman Allah matsa!" Kafin su isa muryarsa ta dushe.

Takwas da kwata suka shiga. Nas ta dubi takarda, ta dubi ƙafafun matar.

"Baba, an ba wani. Amma akwai gado ɗaya bayan azahar, in za ku iya jira."

"Za mu iya, 'yata. Alhamdulillahi."

Ya zaunar da matarsa a benci, ya gyara mata mayafi da baƙaƙen yatsunsa, ya jingina da bango. Ta juyo za ta tambaye shi ko ya kulle motar, ta tarar barci ya ɗauke shi.