Na'urar da Yahuza Direba Ya Kai wa Baduku

A tarihin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ba a taɓa yin direba mai haƙuri kamar Malam Yahuza ba. Ko 'yan kamasho, waɗanda ba a san su da yabon kowa ba, sun sallama masa. Shekara ashirin da biyu yana jan bas, bai taɓa tanka wa fasinja ba, bai taɓa rama zagi ba, bai taɓa waiwayar wanda ya dame shi da oda ba. Har misali ake bugawa da shi a tasha idan ana yi wa sababbin direbobi faɗa. Kunnensa na dama ya mutu tun yana saurayi, bayan wani zazzaɓi mai zafi. Na hagu kuma ya bi sahu sannu a hankali, har ta kai sai an kafa masa baki a kunne an yi ihu.

Abin ba ɓoyayye ba ne, sai dai ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, domin a tasha kowa ihu yake yi. Yahuza ya iya kallon leɓe, kuma yana da amsoshi uku da suka ishe shi zaman duniya: "Madalla," da "Allah ya kyauta," da "Sai haƙuri." Duk wanda ya riƙe waɗannan ukun zai iya zama a kowane taro har a tashi ba a gane shi ba.

Motar ta Alhaji Abdurra'uf ce, wani ɗan kasuwa mai motoci huɗu. Yahuza yana da yaƙinin cewa tasa ce ta fi sauran lafiya. "Ko tari ba ta yi," in ji shi. Madubinta na gefe ya faɗi tun da daɗewa, aka ɗaure gurbin da tsumma. Na ciki kuwa buhuna sun tare masa baya, fuskokin fasinja kaɗai yake nunawa. A cikinsa Yahuza yake ganin leɓɓan mutane suna motsi duk lokacin da ya sha kwana, ya kuma daɗe da yanke cewa albarka suke sa masa.

Sai aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Abin da talaka ya fara samu daga sabuwar jiha shi ne jiniya. Dutse ta cika da manya, kowane babba da ayarinsa, kowane ayari da jiniyarsa. Wata rana da bazara, ayarin wani babba da zai buɗe rijiyar burtsatse a wajen Gwaram ya riski motar Yahuza a inda titi ya tsuke. Mil bakwai suka yi a bayansa. Jiniya tana kuka, fasinja suna ihu, wasu suna buga rufin mota. Yahuza ya duba madubi ya ga bakuna a buɗe, ya yi murmushi, ya ƙara riƙe tsakiyar titi. Da ya tsaya sauke wata mata, 'yan sanda huɗu suka kewaye shi. Babbansu ya yi magana mai tsawo, jijiyoyin wuyansa a tashe. Yahuza ya jira ya gama, ya ce, "Madalla."

Kwana uku motar ta yi a caji ofis. Sai da Alhaji Abdurra'uf ya tuɓe hula a gaban mutanen da ya haifi kamarsu kafin a sake ta. Da ya dawo ya kira Yahuza zaure, ya kafa baki a kunnensa na hagu.

"Malam Yahuza! Ba na wulaƙanta babba! Amma ko dai kunne, ko makulli! Wata ɗaya na ba ka!"

Wannan kam ya ji. Ba shi da gona, domin wadda ya gada a Surko ya bar wa ƙannensa tun yana yaro. Ba shi da wata sana'a. Direban da aka karɓe wa makulli kuwa benci ne makomarsa, ya zauna a tasha yana kallon yaran da ya koya wa tuƙi suna gaishe shi ta taga.

'Yarsa ta fari, Nasiha, malamar firamare ce, tana aure a Kano. Ita ta kai shi wani asibiti a can. Aka ba shi na'urar ji: ɗan akwati da ya ɗara kwalin ashana kaɗan, ana sa shi a aljihun gaba, da waya siririya da ke hawa zuwa wani abu kamar gurjiya da ake cusawa a kunne. Jami'in da ya ba shi mutum ne mai son aikinsa. Ya yi kusan rabin awa yana bayani. Ya nuna 'yan ramukan da ke gaban akwatin, ya ce ta nan sauti yake shiga, kada a toshe su. Ya nuna murfin batiri, ya ce batirin sati uku yake yi, sai a canja. Yahuza yana ta gyaɗa kai. Sai da jami'in ya gama duka sannan ya tuna ya kunna na'urar. Saboda haka maganar farko da Yahuza ya ji tar a cikin shekara goma sha biyar ita ce: "Kuma, Baba, kada ruwa ya taɓa ta."

Nasiha ta rubuta masa sauran a takarda, da kyakkyawan rubutun boko. Yahuza ajami yake karantawa. Ya ninke takardar da girmamawa ya sa a cikin hula.

Ranar da ya koma aiki, mota ta cika, ya shiga ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Kafin injin ya gama tashi Yahuza yana ƙasa, ƙofa a buɗe, takalminsa ɗaya a ciki.

"Wa ya taɓa min mota? Wane la'ananne ne ya taɓa min mota?"

'Yan tasha duk suka juyo. Ba wanda ya taɓa jin wannan kalma a bakinsa. Inna Azumi, mai sayar da daddawa, wadda ke zaune a bayan kujerarsa kamar kullum, ta leƙo ta taga.

"Malam, ai haka take."

"Haka take tun yaushe?"

"Tun da na san ta."

Ya koma ya zauna. Suka kama hanya. Ƙofar baya tana kaɗawa kamar ana dakan gero. Salansa tana harbi. Wani abu a ƙarƙashin ƙafarsa yana niƙa wani abu. Da ya taka birki sai ta yi wani kuka da ya sa shi leƙawa ya ga ko akuya ya taka. Duk wannan bai kai abin da ya ji a kwanar farko ba, can bayan duwatsu. Ya sha ta yadda ya saba, ya duba madubi, ya ga leɓɓa suna motsi. Yau dai har da sauti.

"La'ilaha illallahu!"

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Wani dattijo a can baya yana gaya wa na kusa da shi, cikin natsuwar wanda ya saba, inda ya ajiye likkafaninsa.

Yahuza ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya juyo gaba ɗaya, bakinsa a buɗe.

"Inna Azumi, kalmar shahada kuke yi?"

"To me kake so mu yi, waƙa? Shekara goma sha ɗaya ina shiga motarka. Duk ranar kasuwa sai na yafe wa kowa kafin in fito daga gida."

"To me ya sa kike shiga?"

"Kai ne kake isa kafin kasuwa ta ci."

Daga ranar Yahuza ya zama wani mutum. Ba ya wuce gudun keke. Da ya ji ƙara sai ya tsaya, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota, fasinja suna tsaye a rana. Tafiyar da yake gamawa da hantsi ta koma sai an kira azahar. Masu tumatir suka fara gudunsa, masu kaji suka bi su. Inna Azumi da kanta ta koma wata mota, ta ce shahada ta fi mata asara sauƙi. Zagin da ya yi shekaru yana wucewa ta kansa yanzu a kunnensa yake sauka, kuma aka gano ashe ya iya ramawa, har da irin na da wanda matasa ba su taɓa ji ba. A sati na biyu sai da aka ɓamɓare hannunsa daga wuyan rigar wani ɗan kamasho. Masu buga misali da shi suka rasa inda za su sa fuskarsu.

Alhaji Abdurra'uf ya sake kiransa zaure. Wannan karon bai ɗaga murya ba.

"Malam Yahuza, jiniya na ce ka ji, ban ce ka ji duniya gaba ɗaya ba. Ranar Asabar zan shiga gaba da kaina. Abin da na gani shi zan yi aiki da shi."

Ban da wannan, ga ɗawainiyar na'urar kanta. Sau biyar a rana sai ya cire ta in zai yi alwala, ya rasa inda zai ajiye ta: a kan hula, a cikin takalmi, a kan bulo. Sau ɗaya ta zame saura ƙiris ta faɗa kwata. Zufar bazara tana jiƙa aljihunsa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya zauna ya yi tunani irin na mai hankali. Tun kaka da kakanni, idan mutum yana da abu mai daraja wanda zai zauna a jikinsa kuma ba a son ruwa ya taɓa shi, an san inda ake kai shi.

Ranar Juma'a da safe ya yi abu biyu. Ya kai motar garejin Manu bakanike, ya lissafa masa ƙararraki goma sha tara, yana kwaikwayon kowacce da baki. Sannan ya cire na'urar ya kai wa Ƙasimu baduku, wanda ya ɗinke rabin layun garin.

Manu ya zagaya motar sau biyu, ya ga cewa in za a yi mata gyaran gaskiya sai dai a ɗaga lambar a sa wata mota a ƙarƙashinta. Ya ɗaure 'yan notuna. Don kada a ce bai yi komai ba, ya tono wani tsohon madubin gefe a cikin tarkace, ya kwance tsumman nan ya ɗaura shi.

Ƙasimu kuwa ya yi aikin da zai yi alfahari da shi. Jar fata ninki biyu, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran ɓera, ya bi bakin da kakin zuma, ya bar ƙofa ɗaya tak daidai kaurin waya. Ya sa mata igiyar ratayawa.

"Malam, ko kogi ka faɗa da ita, kai ne za ka jiƙe."

Ranar Asabar Alhaji ya zauna a gaba. Yahuza ya rataya na'urar a ƙarƙashin riga, ya cusa gurjiyar a kunne, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Ya ji motar ta girgiza a ƙarƙashinsa kamar da. Ya saurara. Babu daka, babu harbi, babu niƙa. Ya taka birki, akuyar nan ba ta ce komai ba. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Alhaji," ya ce, "Manun nan ba mutum ba ne."

Ya saki mota. Ya sha kwanar duwatsu kamar yadda ya yi shekara ashirin da biyu yana sha. Alhaji ya zaro carbi. Sun wuce rabin hanya sai ga wani ayari daga baya, jiniya tana tsaga iska. Yahuza ya hango jajayen fitilu suna walƙiya a cikin wani abu da bai saba gani a gefensa ba. Ya gangara gefe cikin ladabi, ya tsaya, har ya ɗaga musu hannu. Alhaji ya dubi wayar da ke kunnensa, ya girgiza kai.

"Kai, Bature ya iya na'ura!"

Sun isa Gwaram masu rumfa ba su gama shimfiɗa kaya ba. Alhaji ya sauka yana dafa mota, ya ce makulli ya zauna inda yake. A wata motar ya koma gida.

Haƙurin Malam Yahuza ya dawo a ranar, bai sake tafiya ba. Ya lura cewa mutane ma sun rage surutu, ya ce ai dama ƙarar mota ce take sa su ihu. Inna Azumi ta koma kujerarta, ta ci gaba da yafe wa mutane. Sunan Manu ya kai har Zandam saboda yabon da Yahuza yake masa. Direbobi suka yi ta kawo masa motoci, suna komawa da ƙararsu yadda suka zo da ita, suna cewa wataƙila sai da sa'a. Nasiha tana aiko da batura duk wata ta hannun direbobin Kano, Yahuza yana sa mata albarka, yana zuba su a tocila. Duk zuwanta gida tana ganin waya a kunnensa, ta tambaye shi ko na'ura tana aiki, ya ce, "Madalla."

Shekara shida ya ƙara a kan hanya, bai sake tare wa ayari hanya ba ko sau ɗaya. Da idonsa ya fara hazo, shi da kansa ya kai wa Alhaji makulli, aka rabu da mutunci, har da kyautar babbar riga.

A sallar da ta biyo baya Nasiha ta zo da 'ya'yanta. Ta fito tsakar gida ta tarar da shi ya tuɓe riga saboda zafi, yana kwara ruwa a ka da buta, wata jar laya tana lilo a ƙirjinsa, waya ta fito daga cikinta ta hau kunne. Kwanon da ke hannunta ya faɗi.

"Baba! Mene ne wannan? Baba, tun yaushe?"

Ya dubi leɓɓanta, ya ga alamar tashin hankali, ya ce, "Sai haƙuri."

Ta ɗauko reza ta zauna a bakin ƙofa. Sai da ta yi kusan rabin awa kafin ɗinkin Ƙasimu ya saki. Na'urar ta fito fes, a bushe, ko ƙura babu, kamar ranar da aka ba da ita. Ruwa bai taɓa ta ba. Nasiha ta buɗe murfin baya, ta ga batirin da jami'in asibiti ya sa da hannunsa.

Batirin irin wannan na'ura sati uku yake yi.