Ranar da Babaji ya wuce surukinsa

Babaji na Kambarawa taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Dogo ne kamar turken lantarki, kuma tun yana yaro ciwonsa guda: gaisuwa. In ya tare ka da hantsi, to aika gida a ajiye maka tuwon dare. Zai tambayi kwananka, da iyali, da gajiya, da kasuwa, har akuyar da ka sayar bara sai ya ji lafiyarta. An ce ya taɓa gaida wani tsoho a bakin masallaci har sai da tsohon ya sake alwala.

Gaisuwar nan ta kashe masa sana'ar acaba, don fasinja sauka suke su ƙarasa a ƙasa. Amma ita ta ba shi mata. Alhaji Siddiq na Ƙofar Kwaya, dattijon da ko ƙuda ba ya sauka a rawaninsa sai da sallama, ya ƙi masu motoci ya ba shi ɗiyarsa Zuwaira. Ranar ɗaurin aure a gaban jama'a ya ce, "Ba don dukiya na ba ka ba, don ba ka da ita. Ladabinka na ba. Ran da ya ƙare, ɗiyata ta dawo." Tun daga nan in Babaji ya hango surukinsa, ko daga wata unguwa ne, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Daga baya Allah ya yi masa buɗi, ya zama direban bas ɗin ɗalibai a jami'ar da ke bayan gari. Bas ɗin nan ba kyautar kowa ba ce. Cikin kuɗin da kowane ɗalibi ke biya wajen rajista akwai kason hidima, da shi ake sayen maganin asibitin makaranta, a gyara famfo, a zuba wa bas mai, a biya direba. Da aka yi wa Babaji wannan bayani sai ya ɗauki abin kamar wasiyya. Ko ni, jininsa, na tsayar da shi a hanya sai ya leƙo ya ce, "Ka biya rajista?" Ya gaishe ni tsaf, ya bar ni a rana.

To, ana cikin jarrabawa sai aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hanya ta cika, bas ta makara, ɗalibai sun cushe ciki har wani na numfashi da hancin wani. Dokar kuwa, in an rufe ƙofar ɗakin jarrabawa, sai baɗi. Babaji ya taka mota, suna isowa Ƙofar Kwaya sai ga Alhaji Siddiq a bakin titi, da farar riga da lema, zai tafi gonarsa ta Batagarawa. Ya gane motar, ya ɗaga hannu.

Ƙafar Babaji da kanta ta nufi birki. Nafisa, wakiliyar ɗaliban, wadda ke zaune bayansa, ta ga haka ta ce, "Baba direba, don girman Allah! In ka tsaya mun mutu."

"Surukina ne, 'yar nan."

"Mu kuma amanarka ne."

Gumi ya karyo masa cikin sanyin nan. Sai ya fizge takalmansa yana tuƙi, ya duƙa bayan sitiyari iyakar yadda dogon mutum zai iya durƙusawa a kujera, ya ƙwala ta taga, "Baba ina kwana, an tashi lahiya, ina gajiya, ya ruwa..." Iska ta kwashe sauran. Taya kuwa ta faɗa kwatami, ta yi wa farar rigar Alhaji ado da jar laka tun daga wuya har ƙasa.

Yara sun shiga jarrabawa ana jan ƙofa. Babaji kuwa ya koma gida ya tarar da murhu a sanyaye. Alhaji ya aiko an ce Zuwaira ta zo ta ga gida, ta tafi ita da akwatinta.

Babaji ya tura limamin unguwa biko, aka ce Alhaji na barci. Ya tura kawunmu, aka ce barcin bai ƙare ba. Babaji ya rame har kunnuwansa suka fi fuskarsa faɗi. Aiki dai bai fasa ba, amma ɗalibai suna shiga mota sai ya ce "sannunku" kawai ya ja. Nan suka san babu lafiya. Nafisa ta bi diddigi har ta ji komai.

Ranar da aka gama jarrabawa, bayan la'asar, sai ga kurkura bayan kurkura, baburan nan masu ƙafa uku, suna sauke ɗalibai a ƙofar gidan Alhaji. Babaji ya hana su bas, wai ba aikin makaranta ba ne. Suka cika zaure, suka cika lungu, mai shagon kusa ya fara rufewa ya zaci zanga-zanga ce. Dole Alhaji ya farka. Ɗaya bayan ɗaya suka tuɓe takalmi suka durƙusa, kowa ya kawo gaisuwa cikakkiya irin wadda ya koya a bas. Dattijo ba ya ƙin amsa gaisuwa. Ya yi ta "lahiya lau" har muryarsa ta dishe. Babaji na can ƙarshen layi, kai a ƙasa.

Nafisa ta matso ta ce, "Baba, laifin namu ne. Motar nan iyayenmu suka biya. Tawa uwar ƙosai take soyawa a Kambarawa. Da an rufe ƙofar nan, shekara guda ta tafi da guminta."

Alhaji ya ce, "Ni ban ce a ɗauke ni dole ba. Amma tsayawa hwa? Mi zai rage shi in ya tsaya ya gaishe ni?"

"Baba, kai ma ka san shi. Da ya tsaya, wallahi da yanzu muna nan bakin titi, bai kai ga tambayar gona ba."

Wani ya tuntsire daga baya. Alhaji ya ciji leɓe, ya ja rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa suka tona shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai dogo, matso." Babaji ya rarrafo. "Wagga jama'a duk kai ka kai su jarrabawar?"

"Allah ne ya kai su, Baba."

"To. Rigata kai za ka wanke ta, da hannunka." Ya juya cikin gida. "Zuwaira! Ɗauko mayafinki, kafin su cinye mani tabarmi da gwiwa."

Yanzu kullum da safe Alhaji na zaune a dakalin ƙofar gida da abokan hirarsa. Da ya jiyo ƙugin bas sai ya juya baya, don kada dogo ya gan shi zuciyarsa ta raunana. In ta wuce sai ya nuna ta da sanda ya ce, "Kun ga mai gudun can? Surukina ne. 'Yan jami'a yake kaiwa. Ko ni ba ya tsaya mawa."