Igiyar Malam Mijinyawa

Da hantsin Talata, sha huɗu ga Afrilu, 1964, labari ya iske ni a Makarfi cewa Allah ya karɓi ran Malam Mijinyawa na Janfalan, mai duba ayyukan En'e a ƙasar Ikara. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Malam, ni ne Sa'idu ɗan kwangilar rijiya, wanda ya shekara uku yana sauya hanya in ya hango kekenka.

Aikinka shi ne ka gaya wa majalisa ko harajin talakawa ya zama abin da aka ce zai zama. Wasu a takarda suke ƙirga rijiyoyi. Kai kuwa sai ka hau keke har Kudan, da igiyarka mai ƙulli a kowace gaba, da dutse a bakinta. Kuma ba ka awo sai tsakiyar bazara. Cewa kake, da damina ko sawun saniya rijiya ne.

Na gama rijiyar Janfalan da kaka, ruwa har mai leƙe yana ganin fuskarsa. Na kawo takarda ka sa hannu, ka ce sai bazara. Na aika maka rago, ya riga ɗan aiken dawowa gida. Da bazara ta yi, ka zura igiya a gaban jama'a, dutsen ya fito da laka.

"Malam Sa'idu, a ƙara gaba uku," ka ce, ka naɗe igiyarka.

Jakunana biyu na sayar kafin na ƙarasa. Na ji haushinka ƙwarai, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Sai bara na ji cewa furar da mahaƙana suka riƙa sha kullum daga gidanka take, ka hana a faɗa mini. Na yi niyyar zuwa in yi maka godiya, girman kai ya riƙa ce mini gobe.

Bana rijiyoyin Janfalan duk sun ƙafe, in ban da wadda ka sa na ƙara wa zurfi. Da na isa gaisuwa, maiɗakinka Mairama ta aiko a gaya mini da ruwan rijiyar nan aka yi maka wanka. Nan na zauna na yi kuka.

Ka yi gaskiya, Malam, ban faɗa maka da ranka ba. Allah ya ba Mairama da 'ya'yanka haƙuri, ya gafarta maka, ya shayar da kai daga tafkin da ba ya ƙafewa.