Malam Muntaka, Mai Auna Kasuwar Keke da Ƙararrawa

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, ina tsaka da buɗe shago sai Yusha'u ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce mini mahaifinsa ya cika da asuba. Malam Muntaka mai gyaran keke, dattijon duk masu wannan sana'a a Zuru, ya koma ga Wanda ya aiko shi bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Na zauna a kan kwalin tayoyi. Ni Gladys, matar marigayi Solomon mai sayar da kayan keke, ban iya rubutu mai daɗi ba, amma ba zan iya yin shiru a kanka ba, Baba.

Shagonmu yana kallon rumfarka. Lokacin da Solomon ya rasu ya bar ni da 'ya'ya da wannan shago, ban san bambancin tayar gaba da ta baya ba. Kowa ya zo gaisuwa sai ya haɗa da shawara, kuma shawarar iri ɗaya ce: zamanin keke ya wuce, dubi titi, babur ne ko'ina, ki sayar tun shagon yana da daraja. Har na yi magana da wani Abel da ke son ya mayar da wurin na kayan babur. Tsoro nake ji ƙwarai, domin abincin yarana da makarantarsu duk a cikin ɗakin nan suke, idan na riƙe abin da ya mutu mun shiga uku.

Ba ka ce mini kada in sayar ba. Ranar kasuwa ka leƙo ka ce, "Maman Divine, rufe shagon ki biyo ni, mu auna abin nan kafin ki yanke." Na bi ka ina gunaguni. Ba titi ka kai ni ba. Bayan kasuwa muka zagaya, ƙarƙashin itatuwan da mutanen ƙauye ke jingine kekunansu kafin su shiga da kaya. Na tsaya baki buɗe. Kekuna ne jere har ban ga ƙarshensu ba, wasu da buhun dawa a kariya, wasu da kaji a ɗaure, wasu da jarkoki. Ashe ni da masu ba ni shawara duk gari muke kallo, alhali keke ya daɗe da komawa hanyoyin gona.

Ka ce wannan girman kasuwar ke nan, saura lafiyarta. Ka dinga bin kekunan kana danna taya da babban yatsa, kana girgiza sirdi, kana leƙa sarƙa. Tayoyi sun suɗe, wani ya ɗaure birki da roba, wani fedarsa guntun katako ne. Daga nan ka tambaye ni, "Mi kin ka ji tun da mun ka zo nan?" Na ce ban ji komai ba sai kukan kaji. Ka ce to shi ke nan amsar. "Taya dole ce, sarƙa dole ce. Amma ba wanda ka sayen ƙararrawa sai ya ci ya ƙoshi, ya biya na makaranta, wani abu ya rage. Kasuwar ga babba ce, amma ba ta da lafiya. Ki cika shago da tiyub da sholisho da faci. Ran da ƙararrawa ta fara fita, ki sari sababbin kekuna."

Na sallami Abel, ya tafi yana cewa zan neme shi. Ban neme shi ba. Faci da sholisho, wato gam ɗin liƙe taya, suka ciyar da gidana, kamar yadda ka faɗa, ba wadata amma ba kunya. Kuma kowace shekara bayan girbi sai mu koma bayan kasuwa, kai a gaba da hularka a karkace, ni a baya. Mutane har tsokanarmu suke yi, wai ga likita da nas sun zo duba marasa lafiya.

Mun sha yin musu, ba zan ɓoye ba, domin kai mutum ne mai taurin kai ni kuma ba ni da haƙuri. Da man fetur ya yi tsada, malaman makaranta da ma'aikata suka fito da tsofaffin kekunansu daga bayan ɗaki, rumfarka ta cika har kana aiki ba ka ɗaga kai. Na zo da gudu na ce lokacin sarin sababbi ya yi. Ka ce a'a. Ka ce waɗannan ba son keke ya kawo su ba, gudun mai ne, kuma wanda ya gudo ba ya sayen sabo. Na yi fushi, na daina gaishe ka da fara'a. Kai kuwa kullum sai ka aiko mini da ƙosai kamar ba abin da ya faru. Wani ɗan kasuwa da ya saro sababbi a lokacin, sun daɗe a ƙofar shagonsa rana tana cin fentinsu.

Alherinka ba a kaina ya tsaya ba. Ɗaliban da ke zuwa daga Rikoto ba ka taɓa karɓar kuɗin iska a hannunsu ba, famfonka a waje yake kwana. Na ga tsohuwa ta turo keken jikanta daga nesa, ka gyara, ta kwance bakin zane, ka ce ta ɗaure abinta. Ran da aka yi jana'izar Solomon ka rufe rumfa ka zauna a ƙofar coci har aka tashi. Ran Sallah kuma yarana a gidanka suke cin nama. Ba ka taɓa tambayar mai keke inda yake ibada ba, taya kawai kake tambaya.

Bana bayan girbi ƙararrawa ta fara fita. Kwalin da ya shekara yana tara ƙura ya ƙare, na ƙaro wani shi ma ya kama hanya. Kwasar adashena ta zo daidai lokacin, kuma ita ce duk abin da na tara tun rasuwar Solomon. Idan na saro kekuna suka zauna, 'yata Divine ba za ta koma makaranta ba. Na zo gidanka in tambaye ka, na tarar da kai kwance, numfashi da ƙyar. Na kasa kawo maganar kasuwa. Kai ne ka buɗe ido ka ce, "In na tashi mu tai mu auna." Ba ka tashi ba.

Ranar da aka kai ka, na zauna da mata a gida tare da matarka Inna Fadima. Can na fito shan iska, sai na ga ƙofar gidanka ta koma kamar bayan kasuwa. Mutane sun zo daga Danko, daga Mahuta, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, suka jingina kekunansu suka bi gawarka a ƙafa. Ban san lokacin da na fara bin layin ina danna taya da yatsa ba, ina kuka. Tayoyi da yawa sababbi ne. Ƙararrawa tana walƙiya a kan keke bayan keke, wasu ma na gane daga shagona suka fito. Na auna ni kaɗai, Baba, kuma na san amsar. Na aika a kawo kekunan.

A ƙarshen layin na tarar da naka, jingine inda ka saba ajiye shi. Tayarsa cike da iska, sarƙarsa ta sha mai, birkinsa lafiya lau. Amma babu ƙararrawa. Na tambayi Inna Fadima ko cirewa aka yi, ta ce ba ka taɓa sa masa ba. Shekara da shekaru kana auna rarar mutane, ban taɓa duba kan kekenka ba, ban lura cewa taka rarar a famfon ɗalibai da bakin zanen tsofaffi take ƙarewa ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fadima, da Yusha'u wanda ya gaji rumfa, da Bushira da sauran 'ya'ya da jikoki, da duk masu gyara da sayar da keke a ƙasar Zuru. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙanka, Malam Muntaka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa alherin da ka yi ya tarbe ka. Jiya na ɗaura wa kekenka ƙararrawa mafi kyau a shagona. Yau da safe Yusha'u ya hau shi zuwa rumfa, ya kaɗa ta a ƙofata, na ɗaga kai ina shirin cewa ina kwana, Baba.